Shafi Takwas da Jan Biro Ya Ba Ni Amana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, wanda mu a gida muke kira Baba, abokan aikinsa kuma suke kira Jan Biro. Ya cika a ɗakinsa, a kan kujerarsa da ke fuskantar taga, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya huɗu da jikoki bakwai. Yau kwana takwas ke nan.

Masu zuwa gaisuwa suna ganin kukan da nake yi suna yaba mini. Shekaranjiya wata ƙanwar Inna, surukata, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, ko 'ya'yan cikinsa ba su kai ki kuka ba." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Baba, kai kaɗai ka san abin da nake wa kuka, ka kuma tafi da shi ba ka faɗa wa kowa ba.

Ranar da komai ya juya mini wata Lahadi ce da hantsi, wata goma sha huɗu da suka wuce. Ina zaune a ƙofar kicin a kan 'yar kujera, tukunya na kan wuta, littafi na kan cinyata. Ka fito daga ɗaki da takardu a hannu, ka tsaya ɗan nesa kamar yadda ka saba, ka yi gyaran murya.

"Malama, an ɗaura auren ko har yanzu suna leƙen juna ta taga?"

Na rufe fuska da littafin na ce, "Saura kaɗan, Baba."

"Tun wancan makon ake saura kaɗan. Shi wannan saurayin yana da aikin yi kuwa?" Ka yi dariya, sannan ka miƙo mini takardun. "Ga aiki na kawo miki, shafi takwas ne. Gobe za a yi mini aikin ido, likita ya ce ba ni ba kallon kwamfuta sai bayan mako shida. Ki buga su a kwamfutar mijinki, ki tura wa manajanmu ta imel ɗina. Na rubuta miki yadda za ki shiga a saman shafin farko. Yau nake so, in da hali."

Na karɓa da hannu biyu na ce to. Da ka juya, sai na ninke takardun, na cusa su cikin littafin daidai inda na tsaya, don kada shafin ya ɓace mini, na tashi na duba tukunya. Abin da na yi da amanarka ke nan. Alamar karatu na mayar da ita.

Kafin in kai ga abin da ya biyo baya, bari in faɗa wa wanda bai san ka ba ko wane ne kai. Shekara talatin da ɗaya ka yi a aikin wutar lantarki. Tara na ƙarshe ka yi su ne a tashar iska da ke kan tudu a bayan gari, inda fararen fankoki arba'in da biyu suke tsaye, kowanne ya fi bene hawa ashirin tsayi, suna juya fuka-fukansu suna mayar da iska wuta. Kullum da jan biro a bayan kunnenka da ƙaramin littafi a aljihun gaba. Abokan aikinka sun ce sai ka tsaya a gindin fanka ka rufe ido, ka ce lamba kaza ba ta jin daɗin jikinta, a hau a duba a tarar haka ne. Samarin injiniyoyi masu kwamfuta sun yi ta yi maka dariya, har suka gaji suka fara tambayarka.

Ni kuwa da aka kawo ni gidanka ban san komai ba sai karatun littattafan soyayya. A makona na biyu na ƙona tukunyar shinkafa ƙurmus, saboda jarumar littafin da nake karantawa ta tsaya a tashar mota tana jiran wanda ba zai zo ba. Inna ta fito tana salati, tana cewa an kawo mata suruka ko an kawo mata ɗakin karatu. Na tsaya ina hawaye. Kai kuwa ka sa aka zuba maka, ka cinye, ka ce, "A bar ta. Ƙanzo ma abinci ne, kuma na ji ana cewa yana ƙara hankali." Bayan kwana biyu ka dawo daga aiki da katakon akwatin da aka kawo kayan gyara a ciki, ka zauna a tsakar gida da zarto da guduma, ka haɗa mini kanta mai hawa uku. Ka ce mai littafi ba ya ajiye littafi a ƙarƙashin katifa. Daga ranar ka fara kira na Malama, har sunan ya bi ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, ban san yadda ake yi da uba ba sai a wurinka.

Sau ɗaya ka kai mu tashar, ni da Inna da maigidana. Na ɗaga kai ina kallon fuka-fukan nan suna wucewa a hankali kamar ba su da nauyi, inuwarsu tana share ciyawa. Ka tambaye ni me na gani. Na ce wuri ne da ya dace masoya biyu su haɗu bayan doguwar rabuwa. Ka riƙe ciki kana dariya, ka ce shekara tara kana zuwa wurin nan ba ka taɓa ganin masoyi ko ɗaya ba, sai man giris da kashin tsuntsu.

Aikinka kuwa ka taɓa bayyana mini shi, ranar da aka matsar da kabad ɗina zuwa sabon ɗaki. Ku huɗu kuka ɗauka: kai, maigidana, ƙaninsa, da maƙwabcinmu mai sayar da kifi. A bakin ƙofa mai kifi ya yi tuntuɓe, kabad ɗin ya karkata, na ƙwalla ƙara. Ku ukun kuka cije kuka riƙe har ya miƙe ya sake kamawa. Da aka zauna shan shayi ka ce mini, "Malama, kin ga abin da ya faru ɗazu? To shi ne aikina gaba ɗaya. Wutar gari kaya ɗaya ce, tashoshi da yawa ke ɗauke da ita. Idan tsawa ta bugi babban layi, ko itace ya faɗa masa, ƙarfin wutar yakan durƙusa, ƙiftawar ido ce. Fankokin zamanin da, da sun ji haka sai su saki, kowa ya ceci kansa. Na yanzu an koya musu su cije su riƙe, har su ƙara tura ƙarfi su tallafi layin, kafin na'ura ta yanke wurin da ya lalace. In sun riƙe, ku a gida sai dai ku ga ƙwan fitila ya yi ƙifta ya dawo. In sun saki, kayan ya faɗa kan sauran tashoshin, su ma su saki, shi ke nan kabad ya yi ƙasa."

Mai kifi ya ce, "Wato ni ne layin da ya lalace ke nan?" Ka ce, "Kai ne, sai dai kai ba a yanke ka ba, shayi aka ba ka."

Na yi dariya tare da kowa, na ɗauka hira ce.

A waccan Lahadin ban buga takardun ba. Na ce bari in ƙarasa babin da nake ciki, babi ya ja babi, rana ta faɗi. Ranar Litinin aka tafi da kai asibiti, maigidana kuma ya tafi ofis da kwamfutarsa. Ranar Talata ka dawo da auduga a ido. Na kai maka ruwa ɗaki, babu kowa sai ni da kai. Ka juyo da fuska wajen motsina ka ce, "Malama ce? Kin tura saƙon nan?"

Na ce, "Na tura, Baba."

Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi kawai, don na ji nauyin in ce maka littafi ne ya hana ni. A raina na ce yau da yamma zan tura, ƙarya ta zama gaskiya. Ka ce, "Madalla. Allah Ya yi miki albarka." Albarkar nan har yau tana ƙona ni.

Littafin ba nawa ba ne. A kwanar layinmu akwai wata tela da ke ba da hayar littattafai a shagonta, a wurinta na karɓo. Ranar Laraba ta yi mini waya cewa wata tana jiran sa. Na ɗauka da sauri na kai mata, na karɓo kashi na uku, na dawo ina murna. Sai bayan kwana biyu na tuna abin da ke cikinsa. Na koma shagon, ta ce ai an tafi da shi, sai wani makon. Na dawo gida na ce zan jira.

Baba, da a ranar na zo na durƙusa na faɗa maka, da ka sake faɗa mini abin da ke ciki da ka, ina rubutawa. Awa ɗaya ta ishe mu. Amma na riga na ce na tura, kuma kullum ƙaryar sai ta ƙara nauyi, har ta fi ƙarfin in ɗaga ta. Ina shara a falo na ji ka kira manajan a waya, kana tambayarsa ko ya ga saƙonka. Ya ce maka yana hanya, zai duba. Ka ajiye wayar ka ce da Inna, "Manaja ba ya karanta takarda sai ya ji ƙauri." Na ci gaba da shara kamar kunnena bai ji ba.

A kwana na goma sha tara hadari ya taso da misalin ƙarfe huɗu na yamma. Gari ya yi baƙi, iska ta fara jifa da bokitai a tsakar gida. Muna falo ni da kai da Inna, kana sanye da baƙin tabarau da likita ya ba ka. Sai ƙwan fitila ya yi ƙifta, firij ya yi wani gurnani ya dawo daidai. Ka ce, "Ɗaya." Inna ta ce ɗaya me? Ka nuna mata ƙwan. Ya sake. "Biyu." Ka karkata kai wajen kicin kana sauraron firij ɗin. "Uku." A na huɗu ka miƙe tsaye, ka dafa bango. "Biyar. Ku riƙe, 'ya'yana, ku riƙe." A na shida fitilar ta mutu, fankar silin ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Muka jira. Ba ta dawo ba. Ka koma ka zauna a hankali ka ce, "Ba su gyara ba."

Ban fahimci ƙirgen da kake yi ba a lokacin, amma jikina ya ba ni cewa yana cikin takardun nan.

Garuruwa uku suka kwana biyu babu wuta. Famfo ya ƙafe, mutane suka yi ta yawo da jarkoki. Asibiti ya koma kan janareta, aka ɗage ayyukan da ba na gaggawa ba. Maƙwabcinmu mai kifi ya buɗe ɗakin sanyinsa a rana ta uku, ya kwashe kayansa duka ya kai juji, warin ya yi mako a layinmu. Maigidana, da yake a ofishin karɓar koke na kamfanin raba wuta yake aiki, ya sha zagin da bai taɓa sha ba, ya dawo muryarsa a dishe.

Aka kafa kwamitin bincike. Abin da suka gano shi ne, iska ta kayar da turakun babban layi guda uku, ƙarfin wuta ya durƙusa sau shida cikin ƙasa da minti biyu. Sau biyar fankokin suna riƙewa. A na shida dukansu arba'in da biyu suka saki a lokaci guda, kayan ya faɗa kan sauran tashoshi, su ma suka fita. Kai ne ka sa hannu a dubawar ƙarshe da aka yi wa na'urorin, don haka kai aka kira.

Maigidana ne ya raka ka, shi ya ba ni labari a kicin, yana magana haƙoransa a cije. Ya ce ka faɗa wa kwamitin ka gano matsalar, ka rubuta rahoto, an tura wa manaja. Suka buɗe imel ɗinka a gaban kowa, babu komai. Sai ka ce, "To, mantuwa na yi. Na ɗauka na tura kafin a yi mini aiki. Tsufa ne." Suka ce ina takardar da ka rubuta da hannu? Ka ce ba ta wurinka. Suka karɓi littafin aljihunka, suka ga ka rubuta matsalar da jan biro tun makonni kafin hadarin. Littafin da ya kamata ya wanke ka sai ya zama shaida a kanka: ka sani, ka yi shiru, da abin ya ɓaci kuma ka ƙirƙiri rahoton da babu shi.

"Da ma bakinsa ya kama," in ji maigidana. "Ya tsaya a gaban mutum goma sha biyu, da furfurarsa, ya ce ya tura abin da bai tura ba. Ina zan sa kaina a ofis?"

Ina riƙe da ludayi. Na juya na ci gaba da motsa miya.

Na kai maka ruwa, na durƙusa na miƙa maka. Ka cire tabarau ka dube ni sau ɗaya da sabon idonka. Ka sha, ka ce, "Ruwan nan ya yi sanyi, Malama. Sannu." Shi ke nan abin da ka ce.

Washegari na je shagon tela. Littafin ya dawo, yana kan kanta. Na buɗe, ga takardunka a shafi na ɗari da arba'in da biyu, a ninke yadda na bar su. Mata biyu sun karanta littafin sun tsallake su. Telar ta ɗago daga kan keke ta ce, "Au, naki ne? Ai na gan su. Na ɗauka wasiƙar soyayya ce, na ce babu ruwana, kowa da sirrinsa."

A tsaye na karanta su, a gefen keken ɗinkin. Ka rubuta kwanan wata a sama. Ka bayyana cewa wata rana fanka mai lamba goma sha bakwai ta saki ita kaɗai ba tare da wani lahani a jikinta ba. Ka bi diddigi har ka gano wani ƙirge da masu ƙera na'urar suka ɓoye a can ciki don kare ta: idan ƙarfin layi ya durƙusa sau shida cikin minti biyu, fankar za ta ce ta gaji, ta cire kanta. Ka duba sauran ɗaya bayan ɗaya, ka tarar duk lambar ɗaya aka sa musu. Ka ce ranar da babban hadari zai kayar da layi fiye da ɗaya, tare za su tafi. A shafi na takwas ka ja layi biyu a ƙarƙashin wannan: gyaran ba ya bukatar a sayi komai, lamba ce za a canja, aikin yini ɗaya ne.

Aikin yini ɗaya. Na ba su kwana goma sha tara a cikin littafin soyayya.

Na kawo su gida na sa a ƙarƙashin zannuwana, a cikin kabad ɗin nan da ka riƙe bai faɗi ba.

Aka sallame ka daga aiki da wasiƙa mai layi huɗu, babu walima, babu jawabi. A layi wasu suka fara ce maka mai kashe wuta a bayan idonka, wani lokaci ma ba a bayan ido ba. Mai kifi ya daina shigowa shan shayi. Maigidana bai taɓa ɗaga maka murya ba, amma gaisuwa ta koma gaisuwa kawai, ya durƙusa ya tashi ya wuce. Da, kullum da yamma kuna zaune kuna gardamar layuka da transifoma har Inna ta ce kun ishe ta. Hirar nan ta mutu. Wata safiya ina share ɗakinka na ga jan biron a cikin kwandon shara. Na ɗauka na ɓoye.

A littattafan da na karanta, asiri ba ya daɗewa. Takarda takan faɗo daga inda aka ɓoye ta a daidai lokacin da ya dace, ko wani ya tsaya a bayan labule ya ji komai. Wallahi na zauna ina jiran haka. Na yi ta fatan maigidana ya buɗe kabad yana neman wani abu, ya gani, a yi ta ta ƙare ba tare da na buɗe baki ba. Babu wanda ya buɗe. Ba na ɗora wa littafi laifi, littafi bai ce in yi ƙarya ba. Ni ce na saba a warware mini komai a shafin ƙarshe ina kwance.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Ina da ciki wata biyar a lokacin. Inna ta tafi kasuwa, maigidana yana ofis. Na ɗauko takardun na ɓoye a mayafi, na shiga na durƙusa a bakin ƙofarka. Na ce, "Baba, takardun nan..."

Ka ɗaga hannu. "Na sani, Malama. Tun ranar da suka buɗe kwamfutar nan na sani. Ni ma da laifina, aikin ofis ne na ɗora wa yarinya, ban sake bin sawu yadda ya kamata ba. Yanzu an canja lambar, fankokin suna riƙewa, abin da nake so ke nan. Ni na gama nawa, ke yanzu kika fara naki zaman, ga ki da juna biyu. Ɗana kuwa ni na haife shi, na san zuciyarsa, in ya hau ba ya saukowa da wuri. Tsoho in sunansa ya ɓaci, shekara nawa ta rage masa ya ɗauka? Ki mayar da su inda kika ɗauko. Tashi ki duba tukunyarki, kamar ina jin ƙauri."

Na tashi. Abin da ya fi komai ba ni kunya shi ne wannan: da na fito daga ɗakin, sanyi na ji a raina. Ka ba ni mafaka, na shige da gudu, na ce ai Baba ne ya hana. Na bar ka ɗauke da kayan kai kaɗai wata tara bayan nan, ina kawo maka abinci, kana tambayata ko an ɗaura auren. Na daina karatun tun ranar shagon tela, amma nakan ce maka saura kaɗan, don kada ka rasa abin tsokanata. Fankokinka sau shida suke ƙirgawa su saki. Kai ban san sau nawa ka gan ni na wuce ta gabanka da bakina a rufe ba, kuma ban taɓa jin ka ƙirga ba.

Da na haihu, Inna ce ta dage aka sa wa yaron sunanka. Maigidana ya yi jim kafin ya yarda, na ga jim ɗin da idona. Kai kuwa ka karɓi jaririn ka kara kunnenka a ƙirjinsa kamar yadda kake wa injin, ka ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau, ba ya bukatar giris."

Ranar uku da rasuwarka tsofaffin abokan aikinka suka zo gaisuwa. Ina miƙa ruwa ta bakin ƙofa na ji ɗayansu yana addu'a, har ya kai ga cewa, "Allah Ya yafe masa wancan kuskuren." Kowa ya ce amin. Da suka tafi, maigidana ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado, ya ɗauki yaron, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya ce, "Kin san abin da ke cina? Na yafe masa ƙaryar nan tun tuni. Ban dai samu na faɗa masa ba."

Baba, ɗanka yana yafe maka ƙaryar da ba ka yi ba, yana rungume da yaron da ke ɗauke da sunanka. Ka ce tsoho shekara nawa zai ɗauki ɓataccen suna. Ka sauke, amma sunan bai bi ka kabari ba, yana nan a gidan, a kan ɗanka da jikanka. Ka hana ni magana, na sani. Ban taɓa saɓa maka ido da ido ba, duk saɓawata a ɓoye na yi ta. Wannan karon a fili zan yi, ka yafe mini.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya rufa asirin wadda ba ta cancanta ba, Ka rufa masa asiri ranar da asirai za su tonu. Ya yi shekara talatin da ɗaya yana kai haske gidajen mutanen da ba su san sunansa ba, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ka gafarta masa kurakuransa na gaskiya, waɗanda Kai kaɗai Ka sani, Ka sanya haƙurin da ya yi a ma'auninsa. Ka sa Aljanna ce makomarsa, Ka haɗa shi da iyayensa da mutanen kirki. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta zauna da shi shekara arba'in, ta kuma sha kallon da aka yi masa a layi ba ta taɓa sunkuyar da kai ba. Inna, ban san da wane ido zan dube ki ba bayan kin ji wannan. Ina miƙa ta ga maigidana da ƙannensa uku, da jikoki, da abokan aikinsa na tashar iska, da maƙwabcinmu mai kifi, wanda ya ɗauki makara yana kuka. Hasarar da ka yi a ɗakin sanyinka ba daga hannun abokinka ta fito ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa baki ɗaya.

Yau da safe, bayan na shanya wanki, na buɗe kwamfuta na buga shafi takwas ɗin nan. Minti hamsin suka ɗauke ni. Ban san ko kwamitin zai sake zama saboda maganar matar gida ba, ban kuma san a wane ɗaki zan kwana jibi ba. Na yi magana da telar, ta ce za ta rufe shago ta raka ni, ta faɗi inda ta ga takardun da ranar da ta gan su. In maigidana ya dawo daga masallaci da la'asar, zan ba shi wannan rubutun ya fara karantawa kafin kowa, tare da takardun na asali da jan biron mahaifinsa. Gobe Alhamis da ƙarfe takwas zan kai su ofishin manaja da hannuna.